Busasshen fulam 6 ko 12 a rana: yadda ta kaya da mata 235 a Pennsylvania

A Jami'ar Jihar Pennsylvania ta Amurka, wadda aka fi sani da Penn State, an tara mata 235 da al'ada ta ɗauke musu, aka nemi biyu cikin kowane uku su yi abu guda har wata 12: su riƙa cin busasshen fulam kullum, ba fashi. Wasu giram 50, wasu giram 100, sauran kuma kada su taɓa. Farfesa Mary Jane De Souza ce ta jagoranci aikin, aka buga sakamakonsa a 2022 a mujallar American Journal of Clinical Nutrition. Labarin da ya bazu a jaridu shi ne cewa wannan busasshen ɗan itace yana kare ƙashin kwatangwalo. Akwai wani adadi a cikin rahoton da bai samu irin wannan yayatawa ba, kuma a ganina nan ne zancen yake: cikin matan da aka ce su ci giram 100, kashi 41 cikin 100 sun ajiye aikin kafin shekara ta zagayo.

Ga wanda bai san shi ba, fulam ɗan itace ne na ƙasashen sanyi, dangin abirkot da almon, mai ƙwallo ɗaya a ciki. Idan an busar da shi yakan koma baƙi, fatarsa ta yamutse, ya yi danƙo da zaƙi mai ɗan tsami, girmansa kamar na dabino. A jikin leda za ka ga an rubuta prunes. Ba kowane fulam ke busuwa haka ba. Sai irin na Turai mai yawan sukari, wanda zai bushe da ƙwallonsa a ciki ba tare da ya ruɓe ba. Kilo 3 na ɗanye ke ba da kilo 1 na busasshe. Irin da ya fi shahara daga yankin Agen na kudu maso yammacin Faransa ya fito. A 1856 wani Bafaranshe mai suna Louis Pellier, wanda neman zinariya ya kai shi Kalifoniya, ya sa ɗan'uwansa Pierre ya kawo masa rassan wannan iri daga gida, ya dasa a San Jose. Kwarin Santa Clara, inda garin San Jose yake, wanda ya cika da gonakin fulam bayan haka, shi ne yau ya zama matattarar kamfanonin kwamfuta, noman kuma ya koma kwarin Sacramento da na San Joaquin. Kalifoniya ce ke samar da kusan duk wanda ake ci a Amurka, da wajen kashi 40 cikin 100 na duniya. A riƙe wannan, zai yi amfani idan an zo maganar wanda ya biya kuɗin binciken.

Me ya haɗa shi da ƙashi?

Ƙashi ba dutse ba ne da aka ajiye aka gama. Kullum akwai ƙwayoyin halitta da ke rushe tsohonsa, wasu na bin bayansu suna gina sabo. Sinadarin istirojin na jikin mace shi ke taka wa masu rushewar birki. Da al'ada ta ɗauke, istirojin ya yi ƙasa, sai rushewa ta fi gini sauri, kuma shekarun farko ne suka fi muni. Ba ciwo, ba kumburi, babu wata alama da za ta sa mace ta je asibiti, har ranar da za ta zame a banɗaki ƙashin kwatangwalo ya karye. Gidauniyar ƙasa da ƙasa mai kula da cutar zaizayar ƙashi ta ƙiyasta cewa mace 1 cikin 3 da suka haura shekara 50 za ta samu karaya a wani ƙashi sakamakon wannan cuta, namiji kuma 1 cikin 5. Karayar kwatangwalo ce mafi haɗari, don tsofaffi da yawa ba sa komawa tafiya da ƙafarsu bayanta.

Tunanin cewa busasshen fulam na iya rage wannan zaizaya daga ɗakin gwajin ɓeraye ya taso. Bahram Arjmandi, a Jami'ar Jihar Oklahoma sannan daga baya a ta Jihar Florida, ya yi shekaru yana ciyar da shi ga ɓerayen da aka cire wa mabuɓɓugar ƙwai, wato aka sa su cikin halin da mace ke shiga bayan ɗaukewar al'ada, ya ga ƙashinsu ya riƙe fiye da na sauran. Har masu binciken hukumar sararin samaniya ta NASA sun gwada shi a 2016 a kan ɓerayen da aka haska wa tururin radiyeshin, shi ma ya kare musu ƙashi. Sai dai a irin waɗannan gwaje-gwaje yakan kai rubu'in abincin ɓeran gaba ɗaya. Babu mutumin da zai rayu a haka.

Da aka zo kan mutane, a 2011 Shirin Hooshmand da Arjmandi sun buga gwajin shekara guda, inda wasu mata suka ci giram 100 na busasshen fulam, wasu giram 75 na busasshiyar tuffa. Masu fulam sun fi samun cikar ƙashi a baya da kuma ɗaya daga cikin ƙasusuwan damtse na ƙasa. A 2016 Hooshmand, lokacin tana Jami'ar Jihar San Diego, ta sake gwadawa da mata 48 na wata 6, ta ga giram 50 ya yi aikin da giram 100 ya yi. Mata 48 a rukuni uku ba su da yawa, wata 6 kuma gajeren lokaci ne a rayuwar ƙashi. Wannan giɓin ne aikin Penn State ya zo cikewa.

Yadda aka tsara aikin, da abin da ya fito

Matan suna tsakanin shekara 55 da 75, matsakaicin shekarunsu 62. Ƙuri'a ce ta raba su: 78 ba sa ci, 79 suna cin giram 50 (ƙwaya 5 zuwa 6 ke nan), 78 suna cin giram 100 (ƙwaya 10 zuwa 12). Dukkansu, har da waɗanda ba sa ci, an tabbatar suna samun kalsiyam miligiram 1,200 da bitamin D3 ma'auni 800 a rana. Wannan sharaɗi yana da muhimmanci, kuma shi ne masu yayata labarin suka fi tsallakewa: duk abin da fulam ya yi, a kan kalsiyam da bitamin D ya yi shi, ba a madadinsu ba. Ba a ɗora wa matan cikakken adadin tun ranar farko ba, an bar su suna ƙarawa kaɗan-kaɗan don cikinsu ya saba. Ana auna su da na'urar DXA, wadda ke amfani da hasken eksire mara ƙarfi ta faɗi yawan ma'adinin da ke cunkushe a ƙashi, a farkon aiki, da bayan wata 6, da bayan wata 12.

Da shekara ta cika, cikar ƙashin kwatangwalon matan da ba su ci ba ta ragu da kashi 1.1 cikin 100. Ta masu giram 50 ta ragu da 0.3 kawai. A lissafin masu bincike wannan bambanci ya wuce a ce dace ne. Tsakanin masu giram 100 da waɗanda ba su ci ba kuwa, ba a iya nuna bambancin da za a tsaya a kansa ba.

Wanda ya ji haka zai yi mamaki, tun da a tunanin kowa idan 6 sun yi amfani 12 za su fi. Amsar tana cikin rajistar waɗanda suka janye. A rukunin da ba sa ci, kashi 10 cikin 100 suka fita. A na giram 50, kashi 15. A na giram 100, kashi 41, wato mata 32 cikin 78. Daga 235 da aka fara da su, 183 suka kai ƙarshe, kuma cikin 52 da suka tafi, fiye da rabi daga rukuni ɗaya suka fito. Idan rukuni ya zube haka, abu biyu ke lalacewa lokaci guda. Na farko, waɗanda suka rage sun yi kaɗan, ƙaramin bambanci ba zai fito fili a cikinsu ba. Na biyu ya fi wannan: ba ƙuri'a ce ta zaɓi matan 46 da suka saura ba, cikinsu ne ya zaɓe su. Saboda haka kwatanta su da ɗaya rukunin ba shi da ƙarfin da yake da shi ranar da aka fara. Ba za a ce giram 100 ba ya aiki a ƙashi ba. Abin da aka gani ƙarara shi ne mata da yawa, waɗanda suka kawo kansu da son ransu, ana ba su kayan kyauta, ana bibiyarsu, duk da haka ba su iya ci gaba da shi ba.

Dalilan janyewa ba ɗaya ba ne, akwai waɗanda lokaci ya ƙure musu. Amma rashin jure cin wannan adadi yana ciki, kuma wanda ya san abin da ke cikin ɗan itacen ba zai yi mamaki ba. Giram 100 na ɗauke da harza wajen giram 7, wato ɓangaren abinci da ciki ba ya narkarwa, wanda likitoci ke kira fiba. Yana kuma ɗauke da wani nau'in zaƙi mai suna sobitol, giram 11 zuwa 15. Ƙaramin hanji ba ya tsotse sobitol sosai. Yana wucewa babban hanji yana janyo ruwa a bayansa, ƙwayoyin bakteriya na can su tsimar da shi, iska ta taru. Wajen giram 10 na sobitol ya isa ya sa wa mutane da yawa kumburin ciki da ƙugi, giram 20 kuma gudawa ce ga mafi yawa. Mai cin ƙwaya 6 tana ƙasa da wannan iyaka. Mai cin 12 ta tsallake ta, yau da gobe da jibi, har kwana 365. Ga kuma gundura. Giram 100 a rana ya haura kilo 36 a shekara, na abu ɗaya mai ɗanɗano ɗaya.

Abin dariyar shi ne, wannan hali da ya kori matan shi ne tushen sunan da busasshen fulam ya yi a Turai da Amurka tun kaka da kakanni, a matsayin maganin taurin bayan gida. A nan hujjar ta fi ta ƙashi ƙarfi. A 2011 ƙungiyar Satish Rao a Jami'ar Iowa ta gwada shi da mutum 40 masu fama da wannan matsala: mako 3 suna cin giram 50 sau biyu a rana, wani mako 3 suna shan garin siliyam, wanda aka saba ba masu taurin bayan gida. Fulam ya fi sa su fita a kai a kai, ya kuma fi tausasa bayan gidan. A 2012 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai, wadda ba ta da saurin yarda da irin wannan iƙirari kuma ta taɓa ƙin wannan ɗin ma, ta amince a rubuta a jikin kaya cewa yana taimaka wa hanji ya yi aikinsa yadda ya kamata. Sharaɗinta: giram 100 a rana. Adadin da ke motsa hanji ke nan, kuma shi ne dai adadin da mata 4 cikin 10 suka kasa riƙewa a Pennsylvania. Wanda cikinsa ya ɗaure yana nema, wanda cikinsa lafiya lau yake yana gudu.

Wannan suna na maganin tsofaffi ya dami manoman Kalifoniya har suka nemi izinin hukumar abinci da magunguna ta Amurka, suka samu a 2000, aka fara sayar da shi da wani laƙabi don a jawo matasan mata. A 2019 suka koma wa tsohon sunan. A tsakanin nan ne suka zuba kuɗi a binciken ƙashi, kuma ƙungiyarsu, California Prune Board, tana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin aikin Penn State. Ba a ɓoye ba, yana rubuce a rahoton. Bahaushe zai ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ni ban ɗauki wannan a matsayin dalilin jefar da sakamakon ba, don an yi ƙuri'a, an auna da na'ura, kuma an buga adadin nan na kashi 41 da ba ya yi wa masu sayarwa daɗi. Inda kuɗin mai kaya ke tasiri shi ne wajen zaɓen tambaya. An tambayi abin da fulam ke yi wa ƙashi don akwai mai biyan kuɗin tambayar. Zabibi ko busasshen ɓaure ba su samu wanda zai saka su cikin wannan gwaji a matsayin abokan karawa ba.

Nawa ne girman abin da aka samu?

Tsakanin 1.1 da 0.3 akwai tazarar 0.8 cikin 100 a shekara. Gaskiya ce a matsakaicin rukuni, amma a jikin mace ɗaya ba za a gan ta ba, don canjin da bai kai kashi 1 ba yana cikin kuskuren da na'urar DXA kanta ke yi tsakanin awo da awo. Kuma ƙashin masu cin bai ƙaru ba, raguwarsa ce ta yi sanyi. Magani irin alenduronet, wanda likitoci ke ba masu zaizayar ƙashi, yana ƙara cikar ƙashin da kashi da yawa, kuma a babban gwajin da aka buga a 1996 ya rage karaya da kusan rabi a matan da suka riga suka taɓa samun tsagewar ƙashin baya. Aikin Penn State bai ƙirga karaya ba. Shekara guda da mata 235 ba za su isa a ga haka ba.

Abin da suka yi a maimakon ƙirga karaya shi ne amfani da ma'aunin FRAX, wanda Jami'ar Sheffield ta Ingila ta fitar a 2008, mai ƙiyasta yiwuwar mutum ya karye cikin shekara 10. A wata na 6, na matan da ba sa ci ya tashi daga 9.8 zuwa 10.3 cikin 100. Na masu ci, idan an haɗa rukunin biyu, daga 10.2 zuwa 10.3. An ce na farko ya taɓarɓare, na biyu ya tsaya cik, kuma a lissafi haka ne. Amma duba inda suka tsaya: duka biyun a 10.3.

Akwai kuma abin da ke sa mai karatu da lura ya ɗan ja baya. Gwajin 2011 a ƙashin baya da na hannu ya ga amfanin. Na 2016 a awon jiki gaba ɗaya. Na 2022 a kwatangwalo. Duk suna nuni wuri ɗaya, wato akwai wani abu, amma ba su taru a ƙashi ɗaya ba. Ba a kuma iya ɓoye wa mace ko tana cikin masu ci ko a'a, yadda ake yi da ƙwayar magani ta bogi, don haka wadda ta san tana cikin masu ci na iya gyara wasu halayenta ba tare da ta sani ba. Matan galibinsu fararen fata ne daga yanki ɗaya na tsakiyar Pennsylvania, alhali cikar ƙashi da yawan karaya sun bambanta tsakanin al'ummomi. A ɓangaren da ke ƙara wa sakamakon nauyi, a 2024 wannan ƙungiya ta buga wani awon da ta yi wa matan nan da na'urar da ke leƙa tsarin ƙashi ta kowane ɓangare, a mujallar Osteoporosis International. Ya nuna ɓawon ƙashin ƙwauri, wato ƙaƙƙarfan ɓangarensa na waje, ya riƙe a masu cin fulam, ya ragu a waɗanda ba su ci ba.

Ba kalsiyam ke wannan aiki ba, don abin da ke cikin fulam na kalsiyam kaɗan ne. Masu binciken sun fi karkata ga sinadaran folifenol da ke cikinsa, musamman dangin kulorojenik asid, waɗanda ke rage kumburin cikin jiki da ke zuga ƙwayoyin rushe ƙashi bayan istirojin ya tafi. Akwai kuma bitamin K wajen maikurogiram 60 a giram 100, fotasiyam sama da miligiram 700, da ɗan boron, dukkansu suna da hannu a lafiyar ƙashi.

Ga mai karatu a Kano ko Damagaram, fulam ba ya fita a ƙasarmu, shigo da shi ake yi, a manyan kantuna ake samunsa, kuma giram 50 a rana ya haura kilo 18 a shekara da kuɗin kayan waje. Ɗinya kuma, duk da Turawa na kiranta da sunan fulam, wata bishiya ce daban, ba dangi ba ne, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan gwaje-gwaje da ya shafe ta. Wadda kuɗinta ba su kai ba, abin da aka fara tabbatar wa dukkan matan Pennsylvania kafin a miƙa musu ƙwaya ɗaya shi ne kalsiyam da bitamin D, kuma nono, kindirmo, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, da hasken rana sun fi kusa da ita.

Wadda ke da hali kuma take so ta sa shi cikin abincinta, adadin da gwajin ya goyi baya 5 zuwa 6 ne, a fara da 2 a riƙa ƙarawa cikin mako ɗaya ko biyu, a raba safe da yamma, a sha ruwa. Giram 50 na da kalori wajen 120 da sukari kusan giram 19. Ba ya ɗaga sukarin jini da sauri kamar farin burodi, amma mai ciwon sukari sai ta lissafa shi cikin abincin ranar, ba ƙari a kai ba. Mai ciwon ƙoda da aka hana yawan fotasiyam ta tambayi likitanta tukuna. Haka mai shan wafarin don tsinka jini, tun da bitamin K na rage ƙarfinsa: idan za ta fara ci kullum, sai a sake auna jininta a daidaita maganin da sabon abincin.